Kofin Shayin Baba

Ana gobe za a leƙa cikin Dogo, Yaya ta same ni a shagona da la'asar. Ina kan keken ɗinki, ina ta bin hannun wata riga. Ta dafa keken ta ce, "Auta, kin toshe hannun nan. Mai rigar ta ina za ta zura nata?"

Na duba, gaskiya ne. Na ɗauki reza na fara farkewa. Ban yi dariya ba, ita ma ba ta yi ba.

Dogo malamin lissafi ne a makarantar da ke bayan layinmu, yayyena maza ne suka laƙaba masa sunan. Shekara biyu ke nan yana neman aurena. Iyayensa sun rasu, danginsa suna nesa, daga shi sai ɗakin haya da tarin littattafai. Tun bara ciwon ciki ya sa shi gaba. Ya ci abinci ciwo, ya ƙi ci ciwo. Mutane suna cewa ya rame, amma ni ce na san iyakar ramar, don ni nake rage masa riguna. Duk wadda na rage, kafin wata ya zagayo ta sake yi masa yawa.

Da haka mijin Yaya ya fara. Aka yi ta cewa gyambon ciki ne, ana ɗirka masa magani, kafin a gano gaskiya abin ya ci ƙarfinsa. Ya rasu ya bar ta da yara biyu, ta dawo gida. Ranar Baba ya ce shi ya gama binne surukai.

Saboda haka ya gindaya wa Dogo sharaɗi. Sai an zura masa kyamara ta baki an leƙa cikin, likita ya faɗa da bakinsa cewa ba mugun ciwo ba ne. In ba haka ba, ga Injiniya, ɗan amininsa, wanda ya daɗe yana jira. An yi wa Injiniya canjin wurin aiki zuwa nesa, mahaifinsa yana son a gama magana kafin ya tafi, Baba kuma ya yi alkawarin ba su amsa a ƙarshen makon nan. Shi kuwa gwajin, watanni Dogo ya yi a layi kafin ya samu rana, don likitan da ke yin sa ba kullum yake zuwa ba. Rana ɗaya muke da ita, ita ce goben.

Yaya ta jawo kujera ta zauna kusa da ni.

"Auta, ki saurare ni. Ba ƙin Malam nake yi ba, Allah ya sani. Amma kin taɓa wanke wa namiji baki bayan ya yi amai, yana kallonki yana ba ki haƙuri? Kin taɓa dafa abinci ki ɓoye a bayan gida ki ci, don kada ƙamshin ya tayar masa da hankali?"

"Yaya, ba a ma san abin da ke damunsa ba."

"Ni ma haka na ce." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Haka na yi ta faɗa har aka fita da shi. Shekarunki sun kusa talatin, ba yarinya ba ce ke. Injiniya me ya rasa? Mutum ne mai kirki, ga lafiya."

"Lafiyar ce ma ta yi masa yawa."

"Ki yi ta wasa. So ba ya tsayar da amai, Auta. Ba ya mayar da jini. Ni na gani da idona."

Ta kifa kai a kan tulin yadin mutane ta yi ta kuka. Na san ya kamata in rungume ta, ko ni ma in yi kukan. Na nemi hawayen na rasa. Tun da aka sa ranar gwajin nan zuciyata ta yi shiru kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta. Na zare yadin daga ƙarƙashin fuskarta don kada ya jiƙe, na ci gaba da farke hannun riga.

Da magariba Dogo ya kira ni.

"Telata, na ci na ƙarshe," ya ce. "Ɗan abu mai sauƙi, kamar yadda suka ce. Daga yanzu na ɗaure baki sai an gama."

"Ciwon fa, Malam?"

"Yana gaishe ki."

Na san abin da gaisuwar take nufi. Kwana da kwanaki ke nan sun sa ya dakatar da maganin da ke kwantar masa da ciwon, wai don kada ya rufe abin da ake son gani. Da ciwon yake shiga aji, da shi yake fita.

"Me suka ce game da ruwa?"

"Ɗan kurɓi da asuba, shi ke nan. Amma nas ɗin ta ja min kunne sosai, ban da abinci, ban da madara, ban da duk abin da ke da kauri. Ta ce ciki wayam suke so, kamar sabuwar tukunya." Ya ƙara da cewa, "Kuma dole in zo da wanda zai dawo da ni, saboda allurar barcin. Da gaske Baba ya ce shi zai raka ni?"

"Da gaske. Ya ce da kunnensa zai ji, ba ya son saƙo. Ni ma ya ce in zo, kada gobe in ce ya zalunce ni."

"To Allah ya kai mu."

Na ce amin. Ya kashe wayar.

*

Da safe ya iso gidanmu cikin farar rigar da na rage masa a makon jiya. Leɓɓansa sun bushe. Ya yi sallama a ƙofar falo ya tsaya a inda ya saba tsayawa, wajen takalma. Shekara biyu bai taɓa wuce wurin nan ba. Baba kan amsa gaisuwarsa ne daga kujera, ido a kan rediyo.

Ina tsaye a bayan labulen da ya raba falo da tsakar gida, mayafina a hannu. Baba yana karyawa, filas a gabansa da burodi da gwangwanin madara.

Ban san abin da ya gani a fuskar Dogo ba a safiyar nan. Wataƙila mijin Yaya ya tuna. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Shigo mana. Zauna nan."

Dogo ya shigo a sunkuye, ya zauna a ƙasa. Baba ya jawo kofinsa, nasa na kansa wanda ko yayyena ba sa taɓawa, ya ɗauraye, ya tsiyaya shayi, ya kwarara madara har ya yi fari tas. Ya juya da cokali ya miƙa masa.

"Karɓi, ɗana. Ba a zuwa asibiti da ciki wayam. Jiri zai kayar da kai a hanya."

Dogo ya ɗago. "Baba, ai sun ce in yi azumi..."

"Azumin asibiti ai ba farilla ba ne. Abinci suke nufi. Shayi abinci ne? Ruwa ne da aka ba shi launi. Sha, ka ji."

Hannun Baba yana miƙe, kofin yana tururi. Duk wanda ya san Baba ya san ba a barin hannunsa a miƙe. Na buɗe baki a bayan labule, kunya ta maƙure ni. Ta ina zan faɗo falo in gyara wa mahaifina magana a gaban saurayina? Na tsaya ina jiran Dogo ya ƙi. Shi malami ne, yana da baki, kullum yana gaya wa yara abin da yake daidai.

Ya sa hannu biyu ya karɓa. Ya shanye har ƙasa.

"Na gode, Baba."

"Ka ga har fuskarka ta dawo," in ji Baba, yana jin daɗin kansa.

Sai ga ƙarar hon a waje. Motar Baba tana wajen makaniki, ashe Injiniya ya yi tayin kai mu, Baba kuwa bai ga aibun hakan ba. Haka muka fita, Baba a gaba, ni da Dogo a baya kowa manne da ƙofarsa, mai neman ƙwace masa mata yana tuƙa shi zuwa asibiti.

Ba zan yi wa Injiniya ƙarya ba, ba shi da mugunta. Ya gaishe da Dogo da ladabi, ya yi masa sannu, ya yi ta kauce wa ramuka don kada a jijjiga masa ciki. Kumatunsa sai sheƙi suke. Ya ɓare biskit ya miƙo baya, sai ya tuna ya janye da sauri yana cewa, "Au, yi haƙuri Malam, na manta kana azumi."

Na juya na kalli Dogo, shi yana kallon titi.

*

Sashen gwajin yana ƙarshen wani dogon baranda mai warin maganin wanke ƙasa. Benci biyu ne, cike da mutane masu busassun leɓɓa, kowa da ɗan rakiyarsa. Wata tsohuwa tana yi wa jikarta faɗa don ta fito da lemo a gabanta. Injiniya ya ce zai jira a mota. Muka zauna, Baba a tsakiya.

Na sunkuya ta bayan Baba na yi raɗa, "Malam, me za ka ce musu?"

"Ki bar min."

Da layi ya zo kansa, nas ta kira shi zuwa teburinta da ke bakin ƙofa. Ba za ta girme ni ba, amma murya gare ta kamar ta shugabar makaranta. Ta ce 'yan rakiya su matso su ji. Ta auna jininsa, ta tambaye shi ko yana da haƙorin roba ko wani ciwon zuciya. Ta bayanta ina hango gadon da ake kwantar da mutum a gefen hagu, da baƙar robar nan mai tsawo a rataye kusa da talabijin.

"Yaushe ka ci abinci na ƙarshe?"

"Jiya da magariba."

"Yau da safe fa? Ka ci ko ka sha wani abu?"

"A'a."

Bai ko ƙifta ido ba. Baba ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya, bai ce komai ba.

Nas ta ajiye biro ta kalle shi sosai. "Malam, ba don in wahalar da kai nake tambaya ba. Kowa sai na faɗa masa. Idan akwai abu a cikinka, ba ganin ne kawai zai lalace ba. In muka yi maka allurar barci muka zura robar nan, abin zai iya tasowa ya faɗa huhunka, kai kuma ba ka cikin hayyacinka balle ka yi tari. Ana rasa rai a kan haka. To na sake tambaya. Ko cokali ɗaya na madara?"

"Ban sha komai ba, Sista."

"To tashi ka shiga ka cire rigarka."

Ya miƙe. A tsayuwar nan tasa na ga komai a fili. In na yi shiru, wataƙila a yi lafiya, likita ya fito ya ce gyambo ne kawai, a ba shi magani, a ba ni shi. Wataƙila kuma a fito mana da farar rigar nan a leda. In na yi magana, ba gwaji yau, ba sakamako kafin ƙarshen mako, kuma Baba ba ya saɓa alkawari. Na jira in ji tsoro ko wani abu ya tsinke a ƙirjina. Ban ji komai ba. Bakina ne kawai ya buɗe.

"Ya sha shayi."

Dogo ya tsaya, hannunsa a kan labulen ƙofa.

"Da safen nan," na ce. "Kofi guda cike. Da madara."

Nas ta juyo kaina, ta juya kansa. "Gaskiya ne?"

Baba ne ya amsa. "Yarinya, shayi ne fa kawai. Ni na ba shi."

"Da madara, Baba?"

"Da madara mana. Wa ke shan baƙin shayi da safe?"

"Innalillahi." Ta dafe kai. "Baba, da girmanka? Kana tsaye ina tambayarsa har sau biyu ka yi shiru? Da ya mutu mana a kan gado, mu za ku ce mun kashe shi!"

Mutanen kan benci duk suka zuba mana ido. Tsohuwar nan ta ce, "Oh ni, duniya." Baba ya kawar da kai. A rayuwata ban taɓa ganin mace ta ɗaga masa murya ba, balle sa'ar autarsa, balle a gaban jama'a.

Dogo ya dawo ya durƙusa a gaban teburin. "Sista, don Allah. Zan jira. In zauna har yamma, ai zai sauka."

"Likita da azahar yake tashi, kafin nan cikinka bai wofinta ba. Kuma daga nan wani gari zai wuce. Sai dai in sake sa ka a layi."

"Zuwa yaushe?"

"Ba ƙasa da wata biyu ba. Ka ga mutanen da ke gabanka." Ta sassauta murya. "Ka gode wa matarka, ita ta cece ka. Na gaba!"

Ba wanda ya gyara mata.

*

A ƙarshen barandan Baba ya tsaya ya juyo. Muryarsa ƙasa ƙasa, irin wadda muka fi tsoro a gida.

"Malam, a gabana aka tambaye ka, ka kalli idon mutane ka yi ƙarya. Har sau biyu."

"Baba, ban so ne a ce..."

"A ce me? Da ka faɗa min a gida cewa abin ya kai haka, zan matsa maka ne? Ka bari an tsinka ni a gaban jama'a. Wanda zai ɓoye wa likita abin da ke cikinsa, me zai hana ya ɓoye wa matarsa?"

"Baba, ya faɗa maka," na ce. "Kai ka ce ba farilla ba ne."

Ya kalle ni kamar bai taɓa ganina ba. "Ke ma yau bakinki ya buɗe? To na ji. Na ba da dama, Allah bai yi ba. Ina cikin mota."

Ya tafi. Na san Baba. Ya san kofinsa ne ya jawo haka, kuma don ya sani ne ba zai taɓa yafe wa Dogo ba.

Dogo ya zauna a kan wani dakali kusa da famfo, ya dafe cikinsa da hannu ɗaya. Na tsaya a gabansa. Wuyan rigar har ya fara yi masa yawa.

"Me ya sa kika faɗa, Telata?"

"Me ya sa ka sha?"

Ya yi wata dariya wadda ba dariya ba ce, sai hawaye suka biyo ta.

"Shekara biyu ina tsayawa a wajen takalma. Kin san rabon da wani ya ce min ɗana? Tun ina aji uku. Yau ya faɗa, da bakinsa, ya ba ni kofinsa. Wallahi ko guba ce a ciki sai na sha. Na ce a raina, in na ƙi na rasa ki tun a falo, in na sha ina da sauran dama. Da kin bar ni na shiga. Mutane nawa ne suke sha a yi musu lafiya?"

"Mutane nawa ne ba a yi musu lafiya ba?"

"Ai raina ne!"

"Na sani."

"To me ya sa? Kin san abin da zai faru ƙarshen makon nan. Kin sani sarai."

"Na sani, Malam."

"Ki ce wani abu mana! Ki yi kuka ko ki zage ni. Kin tsaya kina kallona kamar ba ke ba."

Na so in yi masa kukan, ko don ya san ba da sauƙi na yi ba. Ina sonsa, ban taɓa son wani kamarsa ba, kuma ban ga alamar zan yi ba. Amma idona a bushe yake ƙamas.

"Ka koma ka karɓi sabuwar ranar," na ce. "Ka tambaye ta ko za ka ci gaba da shan maganin kafin nan. Kuma ranar, ko wa ya ba ka abu, kada ka karɓa."

"Wa zai rako ni ranar?"

Daga wajen ajiye motoci aka danna hon, gajere, mai ladabi, irin na Injiniya.

Na gyara mayafina na tafi. Ban waiwaya ba sai da na zauna a bayan mota na rufe ƙofa. Yana nan a kan dakalin, a dunƙule, kafaɗunsa suna hawa suna sauka. Yana numfashi. Na tsaya a kan wannan, shi kaɗai na kalla.

"Malam ba zai biyo mu ba?" in ji Injiniya. "Har an gama ne?"

"An gama," in ji Baba. "Mu tafi. In ka je gida ka gaya wa mahaifinka ba sai ƙarshen mako ba. Ina jiransa gobe."

Injiniya ya daɗe bai tayar da motar ba. Ya kalle ni ta madubi. Da muka fita daga ƙofar asibitin sai ya tambaye ni a hankali ko sanyin motar ya yi min yawa.

Na ce a'a.